Samanja Haladu Yana Kallon Yamma

Rigimata da Samanja Haladu a cikin jirgin ruwa ta fara, kuma a kan sallah ce. Mun bar Ikko da 'yan kwanaki a kan hanyarmu ta zuwa yaƙin Bama, amai ya gama wanke mana ciki, ni da sauran 'yan ƙauye irina da ba mu taɓa ganin ruwan da ya fi ƙarfin wanka ba. Ranar da na fara iya tsayawa da ƙafafuna sai na ce lallai a yi jam'i. Tun da safe na lura da inda rana ta ɓullo, na riƙe wani ƙarfe na bakin jirgin ya zama alamata. Da azahar ta yi na tara waɗanda ke kusa, na shige gaba, na kabbarta. Ashe tun da hantsi jirgin ya sauya hanya, ƙarfen nawa kuma ya juya tare da shi. Muna sallamewa sai ga Haladu tsaye a bayanmu, riƙe da ƙugu, yana dariya har da hawaye.

"Alaramma," in ji shi, "Allah ya karɓa. Amma yau kifaye ka gaisar. Makka tana can ta kafaɗarka ta hagu."

Na ce, "Samanja, tsaya a kan faretinka, ka bar wa masu abu abinsu."

Duk jirgin nan ni kaɗai ne zan mayar masa da magana haka in kwana lafiya. Haladu ɗan gwaggota ne, Gwaggo Yalwa, yayar mahaifina, wadda aka kai aure Rurum Tsohon Gari. Ni kuwa Sale, ɗan limamin Unguwar Gai ta ƙasar Kibiya. Taubasai ne mu ke nan, tun muna yara kowa na kiran ɗan'uwansa bawansa, ko da yake ya girme ni nesa ba kusa ba. Shi tun kafin yaƙi ya tafi cin rani Kano, daga can ya faɗa soja, ya koyi karatun boko da duba taswira a bariki. A zamaninmu baƙar fata ba ya wuce samanja, hafsoshi duk Turawa ne. Amma ku tambayi duk wanda ya je Bama a rundunarmu, zai gaya muku wane ne hafsanmu na gaskiya. Ni ko bindiga ba a ba ni ba. Cikin sojan dako aka sa ni, kayan aikina adda da gammo.

Abin da na fita da shi daga gida guda ne, maganar mahaifina. Ya ce, "Sale, ƙasar da za a kai ku ba mu san abincinta ba, ba mu san mutanenta ba, amma rana dai ɗaya ce. Duk inda gari ya waye maka, ka duba inda ta fito, nan ne alƙiblarka. Kada wani ya juya ka." Na yi masa alkawari. Ni kuwa, Allah ya yi ni da taurin kai wanda ko jakin gidanmu yana sara min.

Jirgin ya yi ta gangarawa kudu da mu har zafi ya ƙare, sanyi ya kama mu a lokacin da a gida ake tsakiyar noma. Muka tsaya a wani babban gari da ke ƙarshen ƙasar baƙar fata. Turawa suka sauka shan iska, mu aka ce mu zauna. Muna jingine da ƙarfe muna kallon mutane kamar awaki a mota, sai wata mata baƙa mai share bakin tashar ta dube mu, ta dubi hagu da dama, ta kwance ƙullin bakin zaninta ta shiga jefo mana lemo. Guda ya faɗo a hannuna. Ban san sunanta ba, ban ji yarenta ba, amma har yau ina sa ta a addu'a. A nan ne Haladu ya fito da wani ɗan abu kamar agogo da ke rataye a wuyansa, wanda suke kira kamfas, ya ce alƙibla yau ta koma wajen arewa. Na ce ai shi ke nan, jiya hagu, yau arewa, gobe sai ka ce mu kalli sama. Wasu suka bi shi. Mafi yawa suka tsaya a bayana, ni kuwa har wani kumbura nake yi.

Bambai, inda jirgin ya sauke mu a ƙasar Indiya, ita ce ta fara koya min cewa ban san duniya ba, sai dai ban ɗauki karatun ba. Ban taɓa ganin mutane da yawa haka ba, ko ranar kasuwar Rano ta jajiberin sallah ba ta kama ƙafar lungu ɗaya na garin ba. Yara suna bin mu suna leƙa bayanmu, wai an ce musu muna da wutsiya. A bakin wata kasuwa wani mutum mai farar hula ya tare ni da ƙananan kwalabe, yana ta cewa Makka, Makka, yana shafa min wani turare a bayan hannu. Ƙamshin ya kai min har ƙwaƙwalwa. Na ce wannan na Baba ne, ranar Juma'a zai shafa ya shiga masallaci. Na saya, na ƙulle a cikin jaka. Da muka isa sansani na buɗe don in yi wa mutane burga, sai ga ruwa ne zalla da aka rina. Wanda ya shafa min daban, wanda ya ba ni daban.

Haladu ya karɓi kwalbar, ya shinshina, ya miƙo min. "Ikon Allah. Ka yarda da turaren Makka a hannun ɗan kasuwa, ka ƙi yarda da hanyar Makka a hannun ɗan'uwanka."

A wannan sansanin ne ya zaunar da ni a inuwar wata bishiya, ya ce yau ba samanja ba ne, ɗan Gwaggo ne. Ya tsinci duwatsu uku. Ya ajiye na farko. "Wannan Rurum ce, ga Inna nan zaune tana kaɗi." Ya ajiye na biyu a gabansa. "Wannan Makka. Muna gida tana gabas da mu, gaskiyar Kawu ce, bai yi kuskure ba. To jirgin nan ya zagayo da mu, ya wuce ta, ya sauke mu a nan." Ya ajiye na uku can gaba. "Yanzu in ka kalli mafitar rana, wa ka ba ƙeya? Ka ba Ka'aba, ka ba Kawu, ka ba Inna. Ni kuwa in na kabbarta ina kallon yamma, Inna na kallona, ina kallonta, ɗakin Allah a tsakaninmu."

Maganar ta shige ni, ba zan ɓoye ba. Amma sai na ga kamar cewa yake ubana bai san addini ba, kuma wani ƙarfen Nasara ya fi shi. Na sa ƙafa na watsar da duwatsun. Na ce, "Yaya Haladu, duwatsu uku ba za su warware min alkawarin da na yi wa tsoho ba. Turawa sun ba ka kaki, sun ba ka igiya a hannu, yanzu kuma sun ba ka alƙibla."

Bai yi fushi ba. Ya tsince duwatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Allah ya shirye ka, bawana."

Daga nan aka zuba mu a jirgin ƙasa, muka ratsa ƙasar Indiya. Kwana da kwanaki muna tafiya, shinkafa da safe, shinkafa da rana, har na fara mafarkin tuwon dawa. Mutanen da ke bina sallah suka fara raguwa, domin duk masallacin da muka hango ta taga yamma yake kallo. Na ce musu ai su wata ɗariƙa ce daban. A wata tasha da muka daɗe na sauka, na shimfiɗa bargona, na fuskanci gabas zan yi la'asar. Wani tsoho mai sayar da shayi, gemunsa ja da lalle, ya taso ya dafa kafaɗuna a hankali yana so ya juya ni. Na buge hannunsa. Ya koma gefe ya tsuguna, ya jira har na idar. Na ɗauka faɗa zai yi. Sai ya zubo min shayi a ɗan kofin yumɓu, ya ƙi karɓar ko anini, ya ɗaga hannu ya karanta Fatiha, irin tamu sak, ba ragi ba ƙari. Na sha shayin ina jin kunya, amma da magariba ta yi gabas na sake kalla.

Bama kuwa, ban san yadda zan kwatanta wa wanda bai je ba. Duwatsun Rurum da muke taƙama da su, a can ko suna ba za a sa musu ba. Tsauni ne bayan tsauni, duk a rufe da gora, sai ka sare hanya da adda kafin ka sa ƙafa. Mota ba ta shiga, alfadari ma wani wurin sai ya tsaya, sai kanmu. Akwatin harsashi, buhun shinkafa, gwangwanin ruwa, duk a kan gammo. Ruwan sama ba irin namu ba ne mai zuwa ya wuce a fita gona, wannan in ya fara sai ka manta kalar rana. Matsattsaku suna shiga ta ramin igiyar takalmi, ba ka ji ba sai ka ga jini. Abinci daga sama ake jefo mana da laima, wani lokaci ya faɗo wurinmu, wani lokaci ya faɗa wurin 'yan Japan, mu kwana da yunwa muna jin ƙamshin girkinsu. Su kansu ba kasafai muke ganinsu ba. Sai dai kana tafe ka ji wanda ke gabanka ya faɗi.

A nan na san wane ne Haladu. Bature zai buɗe taswira ya yi ta juya ta, a ƙarshe ya kira samanja. In an tsaya hutu shi ne na ƙarshen zama, sai ya bi mu ɗaya ɗaya ya duba ƙafafunmu. Ya san sunan kowa da sunan garinsu, yana kiran mutum da garinsu don ya tuna masa yana da wurin komawa. Zagi kuwa ya iya shi, in ya buɗe baki sai ka rasa inda za ka sa kanka, amma bai taɓa dukan ɗan dako ba, bai kuma bari an doke shi a gabansa ba. Yana da wani ƙullin daddawa da Gwaggo ta ba shi, ya bushe ya zama kamar dutse. Ranar da ya ga mutane sun karaya sai ya ɓantari kaɗan ya jefa a tukunyar shinkafa. Wallahi na ga ƙato mai gemu yana kuka saboda wannan warin.

Sallah dai ta rabu biyu. A lokacin masu bina ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, daga baya ma suka gudu suka bar ni. Wurin da za a tsaya a dajin ba shi da faɗi, don haka sau da yawa sai mu yi baya da baya, shi da jama'arsa suna kallon yamma, ni kaɗai ina kallon gabas. In na yi ruku'u wani lokaci har mukan gogi juna. Kofur Audu, mutumin Saji, yakan ce ko ba komai an tsare sansanin ta fuska biyu. Ana dariya, ni ma ina yi, amma raina ba daɗi. Na riga na gane inda gaskiya take tun a tashar tsohon nan. Abin da ya rage alkawari ne, da kuma ƙin a ce bawana ya kayar da ni.

Wata rana zazzaɓi ya kama ni muna tsakiyar hawan wani tsauni. Ƙafafuna suka ƙi, na zube da akwatin harsashi a kaina. Dokar ita ce wanda ya kasa a bar shi da ruwa a gefen hanya, masu ɗaukar marasa lafiya su same shi in sun iso, in kuma 'yan Japan suka riga su, shi ke nan. Haladu ya dawo daga gaba, ya dube ni, ya cire hularsa, ya ɗauki gammona ya ɗora a kansa. Kyaftin ɗinmu, wani Bature siriri mai jin Hausa kaɗan kaɗan, ya ce samanja ba ya ɗaukar kaya. Haladu ya ce masa, "Ranka ya daɗe, wannan kayan ubangidana ne." Ya ɗauki akwatin, ya sa ni na riƙe bel ɗinsa ta baya, ya ja ni har ƙolin tsaunin.

Da muka sauka na ɗan farfaɗo, la'asar ta yi. Ya yi taimama, ya zo ya tsuguna kusa da ni, ya yi ƙasa da murya yadda ba wanda zai ji.

"Sale, zo mu yi tare. Sau ɗaya. Kai ka ja, ni in bi ka, ba wanda zai ce ka faɗi."

Na ce, "Yaya, bari sai mun koma. Ranar da muka sauka Rurum, a masallacin ƙofar gidanku, ni da kai sahu ɗaya. Can ai gabas ɗinmu ɗaya ce."

Ya ce, "To. Na riƙe ka da wannan." Ya tashi ya shiga cikin jama'arsa, ni kuma na juya musu baya na yi tawa a zaune.

Ba a daɗe ba muka iso wani kogi mai faɗi. Da hantsi ne, rana ta fito tas, abin da muka daɗe ba mu gani ba. Aka ɗaura igiya daga gaɓa zuwa gaɓa, muna bi da kaya a ka, ruwa har ƙirji. Haladu yana tsaye a tsakiyar ruwan yana ta ɗaga murya, wane na Bunkure yi sauri, wane na Saji riƙe da kyau. Na wuce ta gabansa, ya ce, "Alaramma, kada ka jiƙa wa Sarkin Ingila harsashi." Ina taka gaɓa igwa ta fara sauka daga tsaunin da ke gabanmu. Kowa ya watse cikin gora. Shi bai fito ba, domin akwai sauran mutane a kan igiyar. Sai da na ƙarshe ya haye sannan ya juyo, a nan ɗaya ta faɗi kusa da shi.

Ni da Kofur Audu muka jawo shi. Ƙarfe ya shige shi a ciki, mai magani ya duba, ya ɗaure, ya girgiza kai. Muka shigar da shi cikin gora, na ɗora kansa a cinyata. Ya kai har bayan azahar. Yawancin lokacin idonsa a rufe, yana salati. Can ya buɗe, ya gane ni, har ya yi ɗan murmushi.

"Yau bawanka zai 'yantu."

Na ce, "Yi shiru, Yaya. Ba inda za ka."

"Kai za ka shiga ramin. Ba ni da kowa a nan sai kai." Ya huta. "Ba zan ce maka komai ba, kai ne malam. Ni dai ina son ganin Inna."

Na yi ta tuna masa kalmar shahada yana amsawa, har ya daina amsawa.

Da adda da ɗan shebur muka haƙa kabarin a gefen tsauni, ƙasar ja, cike da saiwar gora. Aka yanko farin ƙyallen laimar da aka jefo mana abinci, muka yi likkafani da shi. Kabari dai iri ɗaya ne ko a ina, kudu da arewa ake haƙa shi, a kwantar da mutum a kan damansa. Abin tambaya shi ne ina za a sa kai. A gida kudu muke sawa, fuska ta kalli gabas. Tun ina yaro nake bin mahaifina maƙabarta, hannuna ya san wannan aikin ko da ido a rufe.

Aka ajiye shi, mutane suka tsaya suna jira, domin ba wanda ya iya sallar gawa sai ni, kuma kowa ya san inda nake kallo. Kofur Audu ya matso zai yi magana, ya fasa. Kyaftin ya cire kamfas ɗin daga cikin kayan Haladu ya miƙo min, idonsa ja. Ban karɓa ba, ban iya karatunsa ba. Na ɗaga kai. Rana ta riga ta karkata, tana leƙowa ta tsakanin gora. Na ce a juya shi. Aka juya shi, na tsaya a kansa, rana a cikin idona. Na ji sahu ya haɗu a bayana. Na yi kabbara huɗu, ta ukun da ƙyar ta fito. Sannan na shiga ramin, aka miƙo min shi, na sa kansa arewa, na kwance ɗaurin, na juya fuskarsa yamma da hannuna.

Daga ranar ban sake ba yamma baya ba har muka bar ƙasar. Sai dai mai yi min dariya a kai ba ya nan.

Yaƙi ya ƙare, aka daɗe ana jan mu daga sansani zuwa sansani kafin a samo mana jirgi. Kofur Audu ya riga ni dawowa saboda raunin da ya samu a ƙafa. Na iso Unguwar Gai ana cirar gyaɗa. Bayan an gama koke-koke da barka, na keɓe da mahaifina a zaure na gaya masa komai, na ce na karya alkawarinsa, ya yafe min. Ya sa na sake jera masa duwatsun a ƙasa. Ya daɗe yana dubawa, yana shafa gemu.

Ya ce, "Sale, ni fa ban taɓa wuce Kano ba. Abin da na sani na gaya maka. Da ka ga wanda ya fi ni sani, ai sai ka bi shi."

Abin da na riƙe a ƙasashe da tekuna, na ɓata wa ɗan'uwana rai a kansa, tsoho ya sauke shi da magana ɗaya. Sai ya ƙara da cewa in shirya in tafi Rurum, domin yayarsa ta daina cin abinci sosai. Audu ya je mata gaisuwa, cikin ba da labari ya ce an yi wa Haladu sutura yadda ya kamata, Sale ne ma da kansa ya juya fuskarsa yamma. Shi yabo yake nufi. Ita kuwa abin da ta ji shi ne an binne ɗanta ya ba alƙibla baya, kuma ɗan ƙaninta ne ya yi.

Na tafi da ƙafa. Na tarar da ita a tsakar gida a kan tabarma, ta rame, abin kaɗinta a gefe ya yi ƙura. Na yi sallama, na durƙusa. Ta amsa sallamar don ta Allah ce, amma ba ta dube ni ba.

"Gwaggo, ya haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'aiki." Sai ta ƙara da cewa, "Sale, mutuwa ban yi jayayya da ita ba. Soja na haifa, na sani. Amma kai ɗan liman ne. Da wani arne ne ya binne shi da na ce bai sani ba. Wasan taubasai har cikin kabari?"

Na ce, "Gwaggo, ba ni zan ba ki amsa ba, shi zai ba ki." Na tashi na tsinto duwatsu uku a bakin rumbu, na dawo na durƙusa a gabanta. Na ajiye na farko, na ce wannan Rurum ce, ga ki nan zaune kina kaɗi. Na ajiye na biyu, na ce Makka. Na ajiye na uku can gaba, na ce nan jirgi ya kai mu, nan yake kwance. Na faɗa mata yadda ya faɗa min, ban canza ko kalma ba, har inda ya ce in ya kabbarta yana kallonta tana kallonsa, ɗakin Allah a tsakaninsu. Na gaya mata abin da ya ce a ƙarshe, kansa a cinyata.

Ta sunkuya a kan duwatsun. Ta sa yatsa a kan na farko, ta ja shi a ƙasa a hankali, ya bi ta kan na tsakiya, ya tsaya a kan na uku. Ta sake jawo shi baya. Sai hawaye suka zubo, ta bar su suna zuba.

"Ashe kullum sau biyar," in ji ta. "Ni ina nan ina cewa ya juya min baya."

Ta ɗauki dutsen na uku ta ƙulle a bakin zaninta. Ta kira wata jikarta ta ce a dama fura, a kawo biyu. Sai a lokacin ta dube ni sosai, ta kama hannuna, hannun da ya juya shi, ta riƙe. Ladan ya kira la'asar a masallacin ƙofar gidan, wanda na ce masa za mu tsaya sahu ɗaya a ciki.

Ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan ƙanina. Na ji daɗi da kuna tare. To da kuna can, kai kake ja masa sallah, ko shi yake ja maka?"

Tana jira, tana murmushi, tana so ta ji yadda 'ya'yanta biyu suke tsayawa kafaɗa da kafaɗa a ƙasar da ba ta sani ba.

Na ce, "Sau ɗaya na ja masa, Gwaggo. Ranar kuwa a kwance yake."